Gide Failot da Kayan Hannu

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Mani, nan bakin tashar Faskari, ya san Gide Failot. In ma bai san shi ba to ya ji shi, don muryar Gide ba ta neman izinin kunne. Shekara ashirin ya yi yana kamasho a tashar nan, yana ihun "Funtuwa saura mutum ɗaya!" alhali ba kowa a motar sai direba, har bakinsa ya saba da cika abin da bai cika ba.

Sunan Failot kuwa labaran jirgin sama suka jawo masa. Gide ya je Dubai, ya je Alƙahira, ya je wani gari da sunansa ke canzawa duk mako. Yana da koren fasfo cikin leda, yakan ɗaga shi sama a majalisa, amma ko da wasa bai taɓa bari wani ya buɗe ba. Dalili? Ni zan gaya maku: babu hatimi ko ɗaya a ciki. Iyakar tafiyar Gide ita ce ranar da ya raka wani maniyyaci filin jirgin Katsina, ya tsaya bayan shingen waya yana ɗaga wa jirgi hannu. Hangen Dala dai, ba shiga birni ba. Abin nan yana ci masa rai ba kaɗan ba. Kullum addu'arsa Allah ya zaunar da shi cikin jirgi ko sau ɗaya ne, kafin wani marar kunya ya fizge fasfon nan ya buɗe.

Sai ga dama ta zo har gida. Mansura, autar wansa Malam Sha'ibu, ta haihu a Akara, can ƙasar Gana inda mijinta Adnan ke kasuwanci. Adnan ya turo kuɗi ya ce a yankar wa surukarsa Saudatu tikitin babban kamfani, irin wanda ake ba mutum abinci, a kuma ɗaukar masa manyan jakunkuna biyu ba ƙarin ko kwabo. Ita kuwa Saudatu tun cikin yana wata bakwai take dakan yajin jego, ta rantse ɗiyarta ba za ta yi jego da yajin kanti ba.

Labari na isa kunnen Gide sai ga shi a tsakar gidan, ko karin kumallo bai yi ba.

"Yaya, wa zai raka ta?"

"Ba kowa," in ji Malam Sha'ibu. "Adnan zai tarbe ta can. Ni ka ga masara ta bushe a gonar Tafoki, ba inda za ni."

"Subhanallahi! Mace ita kaɗai a sararin samaniya? Wadda ko lilon sallah ba ta taɓa hawa ba?"

Saudatu ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. Tsakaninta da ƙanen mijin nan nata wasa ne mai zafi tun tana amarya.

"Lilon da ka hau ka amaye wa mutane riguna? Na gode, ban hawa."

Gide ya yi kamar bai ji ba, ya jawo kujera ya zauna.

"Yaya, jirgi iri biyu ne. Akwai na manya, akwai na masu wayo. Daga Abuja zuwa Akara tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce fa. Kafin ka gyara zaman hula an ce a sauka. Don wannan za ka sayi shinkafa cokali uku da kuɗin ɗan maraƙi? Kuɗin ga na mutum ɗaya, jirgin rangwame zai kai mutum biyu ya maido su, har da canji."

"Araha dai ba ta ado," in ji Saudatu.

"Ado za mu yi ko suna za mu?"

Malam Sha'ibu mutum ne da bai son dogon zance. Ya miƙa kuɗin ya ce, "Tau, kai ka san sama, mu ƙasa muka sani. Ni dai ta isa kafin Juma'a, ranar suna."

A ranar Gide ya dira Funtuwa, shagon Mas'udu mai kwamfuta, inda ake yankar tikiti. Mas'udu ya gyara tabarau ya karanta abin da ke rubuce.

"Malam Gide, wanga tikitin fa sun ce kayan hannu kawai. Ma'ana..."

"Tsaya nan. Kayan hannun kyauta ne?"

"Kyauta ne, amma ƙa'idarsu..."

"Mas'udu, kai za ka koya mani jirgi? Danna kawai."

Mas'udu ya danna. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Kafin la'asar Gide ya baza a teburin Mani cewa ya samo jirgin da kayan hannu kyauta ne. "Ku gaya mani," ya ce yana buga tebur, "wane kaya ne ƙafa ke ɗauka? Duk kaya ai na hannu ne! Mai sallahu ya kawo!"

Wayyo, da ya sani. Ashe duk Faskari ba gidan da ba su da ɗan'uwa a Gana. Lauratu mai daddawa ta kawo ƙulli goma sha biyu a kai wa wanta, kowane ƙulli ta ɗaure bakinsa da tsumman shuɗiyar atamfarta don shaida. Wani daga Mairuwa ya kawo galan ɗin man shanu. Daga Daudawa aka aiko da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ga na Saudatu: gero na kunu, kanwa ungurnu fara tas, zannuwa, kayan jariri, ga uwa uba yaji. Wata tsohuwa daga Sabuwa har taɓarya ta aiko, ita kaɗai Gide ya mayar, wai jirgi bai son dogon abu. Canjin da ya rage kuwa ya ɗinka babbar riga da shi, ya sayi baƙin tabarau.

Ranar Talata da hantsi rabin tasha ta taru yi masu rakiya. Gide na gidan gaba yana ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a.

"Failot, a gaida gajimare!" in ji Mani.

"Zai ji! Mun kwana biyu ba mu haɗu ba!"

Suka kwana Abuja gidan wata 'yar'uwa, da safe suka nufi filin jirgi, ƙunshi tara a tsakaninsu. Suna isa bakin wata ƙofar gilashi sai ta buɗe da kanta. Gide ya yi tsalle baya, ya rusuna ya ce, "Bismillah, ku fara wucewa."

Ba wanda ya fito. Saudatu ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa kake ba hanya, Failot?"

"Ladabi ne. A Dubai haka ake yi."

A teburin jirgin rangwame suka tarar da wata ma'aikaciya Bahaushiya mai suna Najiba. Ta gaishe su, ta karɓi fasfo ta buɗe na Gide. Ya yi wuf ya tare tsakaninta da Saudatu da hannun babbar riga. Najiba ta leƙa ta ga tulin kaya.

"Baba, waɗannan fa?"

"Kayan hannu ne."

"Duka?"

"Da mi kika ga mun shigo da su? Da ƙafa?"

"Baba, kayan hannu jaka ɗaya ce ƙarama, kilo bakwai ga kowane mutum. Sauran sai an biya."

Aka ɗora kaya a sikeli. Kilo saba'in da ɗaya. Najiba ta faɗi abin da za a biya, Gide ya cire baƙin tabarau don ya ji da kyau. Ta maimaita. Kuɗin ya ɗara abin da ya yi taƙamar ya rage masu, nesa ba kusa ba.

"Ɗiyata, sallama nawa?"

"Ba a tayi a nan, Baba."

"Haba! Ko albarka ba ki cewa? Ni ma fa ɗan harka ne, shekara ashirin ina lodi. A ɗaure su a saman jirgin mana, ni zan riƙe igiyar ta taga."

"Tagar ba ta buɗuwa, Baba."

Mutanen da ke layi suka fara ƙunshe dariya. Najiba ta nuna teburin da ke gefe, na babban kamfani, inda wata hajiya ke miƙa manyan akwatuna biyu ana yi mata murmushi.

"Da can kuka yanka, da Mama ta wuce da yawancin kayanta ba a tambaye ta komai ba. Namu na mai tafiya da 'yar jaka ne, shi ke morar arahar."

Saudatu ta durƙusa ta kwance ƙunshinta, ta zaɓi yaji da kayan jariri ta zuba a jaka ɗaya, ta ɗora a sikeli. Kilo bakwai cif, kamar mai awon hatsi. Idonta ya ciko ganin geron da kanwar da za ta bari, amma ta haɗiye.

Shi kuwa Gide, wata dabara ta faɗo masa. Ya matso ya rage murya.

"Ɗiyata, abin da ke jikin mutum fa, ana auna shi?"

"A'a, Baba."

"Alhamdu lillahi! Yaya Saudatu, jira ni nan, ki ga aikin masu wayo."

Ya ja kaya ya shige kewaye. Bayan kusan rabin awa wani abu ya fito. Mutum ne, don yana tafiya, amma faɗinsa ya kai rumbu. Zannuwa shida ya naɗa a ciki. Ƙullin daddawa takwas a aljifan babbar riga, huɗu a ƙarƙashin hula, hular ta yi tsini sama. Kanwa ya ɗura a aljifan wando har suna rinjayarsa. Galan ɗin man shanu ya ɗaure a ƙugu da ɗankwali. Kuka da kuɓewa suna hammata. Buhun gero ne kawai ya gagara, shi ma sai da ya gwada goya shi.

"Innalillahi!" in ji Saudatu. "Gide, wa ya yi maka ciki?"

"Yi shiru ki bi ni. Kar ki yi kamar kin san ni."

"Wannan ai ba sai ka roƙe ni ba."

Suka nufi wurin bincike. Gumi ya fara zuba, daddawa ta ji ɗumi ta fara gaisawa da jama'a. Wani mai kwat ya toshe hanci, wata ta matsar da ɗanta. Murfin galan ya saki, man shanu ya narke ya bi ƙafar wando yana ɗiga, Gide na tafe yana barin sawu a kan tayil.

Saudatu ta wuce salin-alin da jakarta. Saura Gide. Sai ga wani jami'i riƙe da ƙaton kare mai shinshinar kaya. Karen ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya zubo wa hular Gide ido.

"Malam, riƙe karenka, ina da alwala!"

Kare ya matso. Gide ya ja baya. Kare ya ƙara matsowa yana kaɗa wutsiya, don tunda ya fara aiki bai taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Gide ya juya zai ruga, ya taka man shanunsa da kansa. Ji kake tim! Hula ta yi gabas, daddawa ta yi yamma, kanwa ta watsu a ƙasa fara fat, dunƙule-dunƙule.

Jami'ai uku suka kewaye shi.

"Mene ne wannan farin abu?"

"Kanwa ce, ranka ya daɗe! Ta kunu!"

"A wando ake ajiye kanwa a garinku?"

"Kayan hannu ne suka yi yawa, suka koma na jiki."

Wata jami'a ta ɗauki dunƙule ɗaya ta duba, ta ce ita ma ta ga kamar kanwa ce, amma doka ta ce duk farin abin da aka ɓoye a jiki sai an kai ɗaki an gwada. Ana cikin haka lasifika ta kira fasinjojin Akara. Saudatu ta tsaya can bayan shinge, jaka a hannu, hankalinta a tashe.

"Gide, ana kira fa!"

Gide na zaune a ƙasa ana warware masa zane na uku, amma bakin nan bai mutu ba.

"Kwantar da hankalinki! Wannan kiran na 'saura mutum ɗaya' ne, ni na san shi! Ba direban da zai tashi da kujera wofi, asara ce. Sai ya cika! Ki ce masu mai kujerar taga yana zuwa!"

Saudatu ta dube shi, ta dubi jakar yaji, ta tuna autarta kwance a baƙon gari ba uwa kusa. Ta gyara mayafi ta bi layi.

Gwajin kanwa ya ci awa guda. Da suka sake shi da ban haƙuri da 'yar dariya, ya ruga bakin gilashi yana jan ƙafa. Wani ma'aikaci ya nuna masa wani ɗan ɗigo can sama ya ce ga jirginsa nan. Gide ya tsaya. Sai ya ga hannunsa ya ɗagu da kansa yana yi wa jirgin bankwana, daidai yadda ya yi a Katsina. Wallahi a nan kam ya ba ni tausayi.

Ya koma wurin Najiba a maido masa kuɗi ko a sa shi a na gobe. Ta ce tikitin rangwame in ya wuce ya wuce. Sai ya tura wa Saudatu saƙon murya, yana haɗa ta da Allah da darajar aure kar ta gaya wa kowa. Da yamma amsa ta zo: ta sauka lafiya, Mansura da jariri lafiya, maganarsa kuwa, bakinta ƙanen ƙafarta.

Gide ya ji sanyi. Ya kwashe kayansa ya koma Funtuwa, ya kashe waya, ya laɓe a ɗakin wani tsohon abokin kamasho har kwana huɗu. Ranar Lahadi, ranar da tikitinsa ya ce zai dawo, ya sayi sababbin ledoji masu zane ya juye kaya a ciki, ya saka baƙin tabarau, ya sauka tashar Faskari da la'asar sakaliya.

Majalisar Mani ta cika maƙil, har da waɗanda ba su shan shayi. Malam Sha'ibu ma yana nan a gefen benci. Gide ya ɗauka farin jini ne.

"Maraba da mutanen Gana!" in ji Mani, ya zuba masa shayi mai kauri. "Ya hanya? Ya jirgin masu wayo?"

"Kai, Mani, bari! Muna zama aka kawo kaza, kowa guda. Na ce na ƙoshi, suka ce sai na ƙara."

"Ikon Allah! A jirgin rangwamen?"

"Ai sun gane ni. Direban da kansa ya fito muka gaisa, ya ce Failot kwana biyu."

"Gajimare fa?"

"Yana gaishe ka. Ya ɗan rame."

Jama'a suka ce "Allah sarki!" baki ɗaya, wasu na cizon leɓe. Gide ya buɗe leda ya shiga rabon tsaraba. Ya miƙa wa Lauratu ƙulli biyu ya ce daddawar Gana ce, wanta ya ba da a kawo mata, ta ɗanɗana ta ji yadda ƙwararru ke yi.

Lauratu ta juya ƙullin, ta shinshina, ta kama tsumman da ke bakinsa ta ɗaga sama.

"Gide, mutanen Gana da atamfata suke ɗaure daddawa?"

"Kamfani ɗaya ne ke buga atamfar..."

"Har da ƙunar da garwashi ya yi mata ranar sunan jikata? Ga kuma gashin kai a jiki. Halan a hula suke ajiye ta?"

Dariyar da aka danne tun ɗazu ta fashe. Mani ya riƙe ciki ya faɗa kan buhun sukari. Gide ya miƙe yana rantsuwa, yana cewa a kira Saudatu a tambaye ta, ita ce shaidarsa.

"Ai ba ta ce komai ba," in ji Malam Sha'ibu a hankali. "Mun yi mun yi, ta ce ta yi alkawari. Hoto kawai ta sa Adnan ya turo, tun ran Laraba."

Ya miƙa masa waya. Ga Saudatu zaune cikin jirgi, ta saki murmushi har kunne. Kusa da ita, a kujerar taga, kujerar Gide, ga jakar yaji zaune daram, an ɗaura mata bel ɗin kujera. Bayanta ta gilashi ga gajimare fari tas.

Gide ya daɗe yana kallo. Can ya nisa, ya tambaya da 'yar ƙaramar murya:

"Yaya, haka yake ashe? Fari haka?"

"Oho, ni ina na sani," in ji Malam Sha'ibu, ya karɓi wayarsa ya sa aljihu. "A gidanmu dai yanzu biyu ne suka taɓa hawa jirgi. In sun dawo sai ka tambayi Saudatu, in ta ƙi gaya maka ka tambayi yajin."